Kajin Iya da Firjin Yaya Abba

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina, shekarar da na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. An kwana ana ruwa, tsakar gidanmu duk ta jiƙe, daga can bakin gada kuma ana jiyo ƙugin manyan motocin da suka ɗauko shanu zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi, domin ranar kasuwar Wudil ce. Ina tsugune a bakin rijiya ina wanke-wanke sai na ji yayana Abba yana kirana daga soro, murya ƙasa-ƙasa kamar wanda ya yi ɓarna. Na tafi da kumfar sabulu a hannuna. Na same shi durƙushe a gaban mataccen firjin nan da ya jawo mana surutu a unguwa, ya ɗan buɗe murfin, ya ce in leƙa. A kan ragar waya, cikin ƙwan zabin da muka yi kusan wata guda muna juyawa safe da yamma, ɗaya ya tsage, wani ɗan baki yana ƙwanƙwasa ɓawon daga ciki. Kafin a tafi masallaci 'ya'yan zabin sun cika faranti, jiƙaƙƙu, masu zane-zane a ka, suna tangaɗi suna faɗuwa a kan juna. Shekarar Yaya Abba goma sha biyar a lokacin. Gidan kaf aka fito kallo, har kakarmu Iya ta dogaro sandarta ta tsaya a ƙofar soron ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To maigida, yanzu kuma kwanci ka koma? Saura kyarkyara." Aka yi ta dariya, shi ma ya ce ai tunda matar tasa ta tsufa ba ta iya komai, dole ya nemi sana'a.

Haka suke su biyun tun da na buɗe ido. Iya ita ta haifi Babanmu, Yaya Abba kuma sunan marigayi mijinta ya ci, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba. Maigida take ce masa, ko angona idan tana so ta tsokane shi a gaban baƙi. Wasan jika da kaka a gidanmu ba ƙarami ba ne. Ya shigo da safe gaishe ta sai ta ce ina cefane, miji ba ya shigowa hannu rabbana. Ya ce sai ta sa haƙora tukuna. Ta ce ta sake shi, ya ce ai mace ba ta saki. Ni kuwa da nake da bakin tsiya tun ina ƙarama, nawa rabon ranƙwashi ne, amma ko ni na san a duk jikokinta babu wanda take ji da shi kamar wannan ƙazamin yaron mai aljihu cike da ƙusoshi. In ta dama fura, kofin farko nasa ne.

A unguwarmu ba a san ta da wani suna ba sai Iya Mai Kaji. Zabuwa tsuntsuwa ce marar haƙuri. Takan zuba ƙwai a cikin ciyawa da damina, amma zaman kwanci da renon 'ya'ya ba ta iya su ba, don haka mai son kiwon zabi sai ya nemi kazar da ta yi kwanci a sa mata ƙwan. Iya kuwa kajinta sun yi suna wajen zama. Akurkai ne jere a bayan ɗakinta, na ƙasa, kowanne da murfin fasasshen kasko, ga tsofaffin tukwane da ta shimfiɗa wa ƙaiƙayi. Kowace kaza da sunanta da halinta. Akwai Mai Wake, akwai Gurguwa, akwai wata baƙa mai faɗa da muke kira 'Yar Sanda. Da zarar ruwa ya zauna sai mata su fara sallama da ƙwarya rufe da faifai. Idan an ƙyanƙyashe, Iya ta riƙe 'ya'yan har su yi ƙwari, sannan mai ƙwai ta zo a raba, a bar wa Iya nata kason. Mu yara aikinmu neman gara. Mukan cusa kara da busasshen kashin shanu a tukunya, mu yayyafa ruwa, mu kife ta a bakin suri, washegari mu ɗauko mu zazzage wa 'yan tsaki. Sai kuma gadin shirwa, wanda ya fi kowane aiki daɗi, tunda ihu ne kawai da jifa, a tsakani kuma mu yi 'yar carafke a gindin darbejiya.

Sai da na girma na gane ba zabin ne abin ba. Iya ta daina fita tun da gwiwoyinta suka ƙi, ko gidan suna sai dai a kawo mata labari. Kajin nan su suke kawo mata duniya har ƙofar ɗaki. Wadda ta kawo ƙwai ba ta ajiyewa ta juya. Sai ta zauna a rumfar karan da ke ƙofar Iya, a gaisa gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida da gona da masu jiki, a fasa goro. Bayan kwana biyu ta dawo wai ta zo duba ƙwai, alhali kowa ya san ƙwai ba ya bukatar dubiya. Ranar Juma'a kuwa rumfar ba masaka tsinke. Tsofaffi daga Utai da Ɗankaza, waɗanda suka shigo kasuwa, a nan suke sauke kaya su yi salla su sha ruwa. Dije mai nono takan ajiye ƙwaryarta ta miƙe ƙafa. Baba Asabe, maƙwabciyarmu kuma ƙawar Iya tun suna amare, ita ce ba ta tashi sai an kira magariba. A rumfar nan ake sasanta waɗanda suka yi faɗa, a nan ake jin wa ya haihu, wa ya dawo daga Kudu, gonar wa kogi ya ci. Iya na tsakiya da carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana kora kaji, bakinta bai huta ba.

Shi kuwa Yaya Abba, a littafin aikin gona na makaranta ya ga hoton injin ƙyanƙyasa, malaminsu ya ce ba wani sihiri a ciki, ɗumi ne da laima da juyi. Magana ɗaya ta shige masa kai ta ƙi fita. Ya roƙi wani mai gyaran firji a bakin titi ya ba shi gangar jikin wanda ya mutu, muka turo shi a baro ni da shi, yara na bin mu suna waƙa. Ya huda gefe ya zura bututun gwangwani, ya sa fitilar kananzir daga waje yadda zafi zai shiga hayaƙi ya fita, ya ajiye farantin ruwa a ƙasa, ya rataya ma'aunin zafi irin na kemis. Baba, wanda ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma kuma ba ya son tarkace, ya ce kada ya kuskura ya shigar masa da wannan bola cikin gida, shi ya sa aka bar firjin a ɗan ɗakin da ke cikin soro. Zubin farko dafuwa ƙwan ya yi. Na biyu ya zama baragurbi, ya fashe, wari ya hana kowa wucewa ta soro har Baba ya rantse sai an fitar da shi. Iya ce ta hana. Ta ce a ƙyale mata miji ya yi haukansa, kuma ita ta ba shi ƙwan zubi na uku daga nata kason. Ni aka ɗora wa juyin safe kafin in tafi makaranta. Don kada mu rikice, Yaya Abba ya ɗauki al'adar yi wa kowane ƙwai ɗan kuros da fensir a gefe ɗaya, da zarar ya shigo hannunsa.

Daga wannan Juma'ar abu ya kankama. Kaza sai ta ga dama take kwanci, kuma abin da fikafikanta za su rufe kaɗan ne. Firji kuwa ba ya gajiya, ba ya tashi shan ruwa, ba ya fasa ƙwai don haushi. Kafin damina ta fita Yaya Abba ya ƙara na biyu, shekara na zagayowa ya sayi faifan sola da batir ya rabu da kananzir. Ya fara sayen ƙwai da kansa a hannun Fulani yana sayar da 'yan tsaki a kasuwa ranar Juma'a, cikin kwali mai huji. Masu kiwo daga Indabo suke zuwa a babur tun da sassafe. Wata rana har wani gidan rediyo ya aiko daga Kano aka yi hira da shi, muka taru a tsakar gida muna jin muryarsa tana rawa. Baba da ya ce bola ne, shi ya koma kawo abokan aikinsa kallo. Yaro ɗan sakandare ya ɗauke wa gida kuɗin makarantarmu, ya sake wa Umma rufin ɗakin girki, ya saya wa Iya katifa da bargo. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da shi har ina tafiya ina ɗaga kai a makaranta, wadda duk ta taɓa ni sai in tuna mata ƙanwar wa take magana da ita.

Abin da babu wanda ya lissafa shi ne, firjin a soro yake. Mai ƙwai ta zo, ta yi sallama a ƙofar gida, ta miƙa, a gaya mata ranar dawowa, ta juya. Ba sai ta ratsa tsakar gida ba. Da yawa ma suka koma aiko yara. Daga rumfarta Iya tana jiyo muryoyin da ta sani shekara da shekaru suna cewa, "A gaida Iya, sauri nake, sai na dawo." Ba mugunta suka yi ba. Ranar kasuwa ce, kowa da abin da ya fito da shi, kuma dalilin zama ya kau. Kajinta suka ci gaba da kwanci a kan ƙwansu su kaɗai, Gurguwa ma har kan dutse ta taɓa kwanciya. Tabarmar da ake shimfiɗa uku ta koma ɗaya. Goron da take saya saboda baƙi ya riƙa bushewa a cikin algarara.

Kuma ta faɗa. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai har yau. Iya ba ta yi shiru ba, ta faɗa da bakinta ba sau ɗaya ba, a gaban kowa. Takan ce, "Mijin nan nawa ya kashe mini kasuwa, ya kore mini mutane." Sai a kwashe da dariya, shi kuma ya ce ai kishi ne yake damunta, firjinsa ya fi ta kyau. Takan ce, "Maigida, ka mayar da ni kujera a gidan nan." Ya ce kujera ma ai tana da amfani. Ita ma sai ta yi dariyar, don haka wasan yake, wanda aka tsokana ba ya fushi. Tsakanin kaka da jika babu wata magana da ake ɗauka da nauyi. Da Umma ce ta faɗi rabin wannan, da Baba ya kira taro. Da Baba ne ya faɗa, da an rufe firjin a ranar. Amma Iya ce take faɗa wa angonta, da irin muryar da take tambayarsa cefane, kuma ita kanta ba ta da wata muryar da za ta yi masa magana da ita. Tun yana cikin zanen goyo take yi masa wasa, ba ta san ta inda ake fara yi masa kuka ba.

Umma ce ta fara lura, a damina ta uku. Ta ga kwanon tuwon Iya yana dawowa kusan yadda aka kai shi, ta ga ranar Juma'a tana yin wanka da wuri ta ɗaura sabon zane ta zauna a rumfa har la'asar, ba wanda ya shigo sai Baba Asabe, ita ma ta ɗan jima ta tafi. Surukuta ta hana Umma tambayarta kai tsaye, sai ta kira Yaya Abba ɗakin girki ta gaya masa. Ina wurin ina yanka kuɓewa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya so ya je ya ba ta haƙuri, amma ta yaya? Duk abin da ya faɗa mata za ta mayar da shi wasa, shi ma bakinsa bai saba da wani abu ba. Sai ya yi irin tunanin da ya iya, tunanin mai gyara. In mutane sun daina kawo ƙwai, to a sa su kawo. Ya ɗebi ƙwan zabi masu kyau daga cikin waɗanda ya saya, ya zuba a ƙwarya, ya bi ta bayan gida ya kai wa Baba Asabe, ya roƙe ta ta kai wa Iya a matsayin nata. Ya ce in wannan ta yi, zai bi sauran tsofaffin ɗaya bayan ɗaya. A lokacin ni ma na ga dabara ce mai kyau, Umma ma ta sa albarka.

Da hantsi Baba Asabe ta yi sallama da ƙwarya rufe da faifai, kamar da. Ban manta yadda Iya ta miƙe zaune ba. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta ƙwala mini kira in kawo tabarma da ruwa, ta ce in duba ko 'Yar Sanda tana kan kwanci. Muryarta ta dawo har Umma ta leƙo daga ɗaki tana murmushi. Aka gaisa, aka fasa goro, sannan ta jawo ƙwaryar ta buɗe, ta fara ɗaukar ƙwan ɗaya-ɗaya tana ɗagawa a rana yadda ta saba. A na uku ko na huɗu ta tsaya. Ta juya shi a tafin hannunta. Ta ɗauki wani ta juya. Kowanne da ɗan kuros ɗinsa na fensir, domin hannun Yaya Abba ya riga ya saba, ya yi musu tun ranar da ya saye su bai ko tuna ba. Baba Asabe ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Iya ta mayar da ƙwan wurinsa. Ta rufe ƙwaryar, ta ci gaba da hira, ta tambayi jikokinta, ta raka ta da addu'a.

Bayan ta tafi sai Iya ta ɗauki sanda a hannu ɗaya, ƙwarya a ɗaya, ta ƙi in karɓa mata. Ta ratsa tsakar gida a hankali har soro, ina biye da ita. Yaya Abba yana tsugune yana gyaran waya. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Ga ƙwanka. Na ga abin da ka yi, na gode. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi." Ya ɗago yana ƙoƙarin dariya ya ce, "Haba tsohuwa, miji ba ya yi wa matarsa kyauta?" Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta juya ta koma.

Daga ranar Iya ba ta sake tsokanarsa ba. Ba ta yi gaba da shi ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Yana gaishe ta tana amsawa, tana tambayar kasuwa, tana yi masa addu'a mai tsawo irin wadda ake yi wa baƙon da ya kawo alheri. Amma maigida ya tafi, angona ya tafi, sai Malam. Ya yi duk abin da ya sani. Ya shigo ya ce ya zo biko, ta ce sannu da zuwa. Ya ɗauke mata goro a gabanta don ta bi shi da sanda, ta ce ya ƙara da wannan ma. Ya mayar da karɓar ƙwai cikin gida don mutane su riƙa ratsawa ta gabanta, suka ratsa, suka gaishe ta a tsaye, ta amsa a zaune. Kajin kuma ta rabar da su da kanta, wannan ta ba mai jego, wannan ta ba jikar Baba Asabe, har akurkan suka zama wurin ajiye itace. Ni ta ci gaba da ranƙwashina da zagina yadda ta saba, kuma na sha ganin Yaya Abba a bakin rijiya yana sauraronmu, ya yi kamar wanke hannu yake. Ashe zagin ma rabo ne. Ta rasu yana shekarar farko a jami'a, da rani, bayan gajeruwar jinya. Shi ya yi ta jigilar ta asibiti, shi ya ɗauke ta a hannu ya sa a mota, ta ce masa an gode.

Yanzu Yaya Abba yana da gidan ƙyanƙyasa a bayan gari, da injuna masu juya ƙwai da kansu, da ma'aikata, da motar kai kaya. Ana gayyatarsa makarantu ya yi wa yara magana a kan neman na kai, kuma yana yi da gaskiya, don sana'ar ta rufa wa mutane da yawa asiri, ni ma da ita na yi karatu. Ban taɓa jin ya yi da-na-sanin firjin ba, ni ma ban yi ba. Sau ɗaya dai, muna dawowa daga wata gaisuwar mutuwa a Utai, ya rage gudu a kan gada ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Saude, da ta zage ni ko sau ɗaya kafin ta tafi." Bai ƙarasa ba, ya ƙara wuta muka wuce.

Gidanmu ya canza. An yi siminti a tsakar gida, an rushe akurkan, unguwar ma yanzu wuya ka ji kaza ta yi kwanci a ɗakin tsohuwa, kowa 'yan tsaki yake saya a kwali. Mata ba sa zuwa duba ƙwai, gaisuwa ta koma ta waya. Umma ce ta zama tsohuwar gidan, ɗana na fari kuma shi ne mijinta. Ranar hutu in na kai mata yarana, ina ji tana ce masa ya daina zuwa, ya yi sabuwar amarya a cikin wayar nan tasa, ya bar ta ita kaɗai. Yaran su fashe da dariya, shi ya ba ta amsa, ita ma ta yi dariya. Ni kaɗai ce ba na yi da wuri. Sai na fara duban fuskarta tukuna.